Ciwon rumatoyid: me ya sa yake matsawa da asuba, kuma wane magani ne ke tsayar da shi?

Duk shekara idan zafi ya kankama a Makka da Jidda, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya shiga aiki dare da rana, sai maganar ta dawo a zaurukan WhatsApp na mata da hirar bayan isha'i: wance ta tashi hannuwanta a sanƙare, ko kofin shayi ba ta iya riƙewa, sanyin mukayyif ne ya shige ta. Nan take shawara za ta fara sauka. Wannan ta ce a kashe na'urar a koma fanka, waccan ta ce a je a yi hijama, wato ƙaho, wata ta turo hoton kwalin Voltaren, maganin kashe zafi, ta ce ita shekara da shekaru da shi take lallaɓawa. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce: in har sanyin ɗaki ne, me ya sa mutum biyar za su kwana ɗaki ɗaya, huɗu su tashi garau, ɗaya ta kwashe awa biyu kafin yatsunta su lanƙwasu? Kuma me ya sa ciwon yake da lokacinsa, ya matsa da asuba, ya sassauta da hantsi, ya sake leƙowa da dare?

Lokacin da ciwo ke zuwa yana cikin manyan alamun da ke nuna wace cuta ce, kuma shi ne ma'aunin da mai ciwon ke da shi a hannu don gane ko maganin da yake sha yana aiki. Wanda ya san haka ba zai yarda ya ɓata shekara biyu yana haɗiyar maganin kashe zafi gaɓoɓinsa suna lalacewa ba.

Ba kowane sanyin ƙashi ne rumatoyid ba

A wurinmu duk ciwon da ya kama gaɓa sanyi ne ko amosani, a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, kuma sai ka ji an ce "rumatizim", alhali cututtuka ne daban-daban, maganinsu ma ba ɗaya ba. Wanda ya fi yawa shi ne abin da likitocin nan ke kira khushuna: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye saboda shekaru ko nauyin jiki ko tsohon rauni. Ya fi kama gwiwa da ƙugu. Mai shi yakan tashi da ƙagewa ta minti goma ko ashirin, amma wahalarsa ta gaske sai ya yini a tsaye ko ya hau bene. Akwai niƙris, mai faɗo wa maza cikin dare a babban yatsan ƙafa. Akwai amosanin jini, sikila, wanda muka sani a gidajenmu tun yara suna ƙanana. Akwai kuma tsamin jiki na ƙarancin bitamin D, wanda ya yawaita ƙwarai tsakanin mata a ƙasar nan, saboda yawanci daga ɗaki sai mota.

Rumatoyid dabam yake. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta far wa siririn tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya tara ruwa, in aka bar shi ya fara cin guringuntsi da gefen ƙashi. Yawanci daga ƙananan gaɓoɓi yake farawa: tushen yatsun hannu, gaɓar tsakiyar yatsa, wuyan hannu, tushen yatsun ƙafa. Kuma yakan kama dama da hagu tare. Da shi ake samun kasala mai nauyi, ƙarancin jini, bushewar ido da baki. Wani lokaci har huhu yake taɓawa, kuma yana ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Gado yana da hannu a ciki. Taba sigari ita ce babban abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin kamuwa da tsananin cutar, masu shisha ma kada su ɗauka sun tsira. Sau da yawa yakan lafa lokacin da mace ke da ciki, ya taso da ƙarfi 'yan watanni bayan haihuwa. Shi ya sa ake ɗora laifin kan wankan jego da ba a yi da kyau ba, a ƙara wa mai jego ruwan zafi maimakon a kai ta asibiti.

Gwajin jinin da ke taimakawa shi ne RF da anti-CCP, sai ESR da CRP masu nuna yawan kumburi. Amma hannun likita a kan gaɓa shi ne gaba, domin akwai masu cutar da RF da anti-CCP ɗinsu ke fitowa lafiya lau. Akwai kuma gwajin ASO da ya jefa mutane da yawa cikin ruɗani. Abin da yake nunawa kawai shi ne mutum ya taɓa kamuwa da wata ƙwayar cutar maƙogwaro ko fata. Hawansa ba ya nufin "rumatizim ya shiga jini", kuma allurar fenisilin ta wata-wata ba ta maganin rumatoyid. Likitan da ya kamata a nema shi ne ƙwararren likitan rumatizim, ba likitan ƙashi mai tiyata ba.

Abin da ke faruwa tsakanin isha'i da asuba

Jikin ɗan Adam yana da tsarinsa na dare da rana, garkuwar jiki ma tana bin wannan tsari. Akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa da kansa, kortizol, wanda ke danne kumburi. Wajen tsakar dare yake sauka ƙasa sosai, ya fara hawa kafin alfijir, ya kai ƙololuwa da safe. Su kuwa sinadaran da ke rura kumburi, musamman wanda ake kira IL-6, cikin dare suke taruwa, su kai maƙura a goshin asuba. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga mai rumatoyid, IL-6 ɗin ya ninka na mai lafiya, kortizol ɗin jikinsa kuma bai isa ya danne shi a kan lokaci ba. Ƙari a kan haka, gaɓa ta kwana ba motsi, ruwan kumburi ya taru a cikinta.

A Makka ana kiran sallar asuba tsakanin ƙarfe 4 da 6, gwargwadon lokacin shekara. Ma'ana mai wannan ciwo yana tashi alwala daidai lokacin da jikinsa ya fi kowane lokaci ƙagewa. Wanda yake zaune da irin wannan mara lafiya ya san abin da ido. Dattijuwa ta zauna bakin gado ta ɗan jima kafin ta taka, domin tafin ƙafar ma ciwo yake. Ta isa bakin famfo, ta kama kansa da hannu biyu, ya ƙi murɗuwa. 'Yarta ta ce, "Umma, bari in buɗe miki." Ita kuma ta ce, "Ƙyale ni 'yar nan, ai da rana ta ɗaga zai sake ni." Kuma gaskiya ta faɗa. Wajen ƙarfe tara ko goma za ka gan ta tana yanka albasa kamar ba ita ba. Wannan sakin da ciwon ke yi da hantsi shi ke sa dangi su ce raki ne ko son jiki, alhali shi ne babbar shaidar cewa kumburi ne. Ƙagewar safe da ta wuce rabin awa zuwa awa guda, kullum, makonni shida ko fiye, tare da kumburin yatsu, ta isa dalilin neman ƙwararren likita ba tare da jinkiri ba.

Rayuwar nan ta raba dare ana hira, a kwanta bayan asuba a tashi azahar, ita ma tana da tasiri. Ƙarancin barci da barcin da ba shi da tsayayyen lokaci suna sa jiki ya fi jin zafi, zafin kuma ya hana barci, haka za su yi ta ciyar da juna gaba.

To, mukayyif ba shi da laifi ke nan?

Masu cewa sanyi yana tayar musu da ciwo ba ƙarya suke yi ba. Iska mai sanyi da ke bugun gaɓa kai tsaye tana sa tsoka ta ɗaure, ƙagewa ta ƙaru. Abin da ba gaskiya ba ne shi ne cewa sanyin ya haifar da cutar. Akwai rumatoyid a ƙauyukan da ba su taɓa ganin wutar lantarki ba.

A 2019 Jami'ar Manchester da ke Ingila ta fitar da sakamakon wani bincike da mutane sama da 13,000 masu ciwo mai daɗewa suka shiga, suna rubuta yadda suke ji kullum ta wayar hannu. An ga ciwo yana ɗan ƙaruwa a ranakun da laima ta yi yawa a iska, ko ake iska mai ƙarfi. Zafi ko sanyin gari shi kaɗai bai nuna wani tasiri a fili ba, bambancin da aka gani ɗin ma ba babba ba ne. Wannan ya yi daidai da abin da wasu ke faɗa, cewa laimar Jidda ta fi damunsu a kan bushewar Makka ko Madina. Saboda haka a kawar da gado daga saitin na'urar, a rage sanyin, a sa safa. Amma kada a kwana cikin zufa a watan Yuli da sunan magani.

Kashe zafi daban, tsayar da cuta daban

A ganina nan ne asarar ta fi yawa. Buɗe jakar wata baiwar Allah da ke zaman kasuwa a Shari'a Mansur, wani titi a Makka, wadda ba ta da halin rasa cinikin yini ɗaya. Za ka iya samun Voltaren na safe, da Catafast na jiƙawa a ruwa idan abin ya matsa da rana, da Rofenac da maƙwabciya ta ba ta, da Brufen na dare. Ukun farko duk magani ɗaya ne, diklofenak, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. Brufen kuma ɗan gidansu ne. Haɗa biyu daga wannan gida ba ya ƙara sauƙi yadda ake zato, haɗari yake ninkawa: gyambon ciki da zubar jini, hawan jini, ciwon zuciya, da lalacewar ƙoda. Ƙodar ce ta fi ba ni tsoro a garin da zafi ke haura digiri 45, mutum ya yini yana zufa bai sha ruwa sosai ba.

Waɗannan magunguna suna da amfani, ba na cewa a zubar da su. Guda ɗaya ake sha, bayan an ci abinci, mafi ƙarancin abin da zai wadatar, kuma likita yakan haɗa da maganin kare ciki irin omefurazol ga wanda ya manyanta. Wanda ƙagewar safe ta fi damunsa, likita zai iya ba shi mai daɗewa a jiki ya sha bayan abincin dare, ya riske shi da asuba. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki da ƙoda idan gaɓa ɗaya ko biyu ce. Panadol kuwa kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24, a kuma tuna Fevadol da Adol da yawancin magungunan mura duk farasitamol ne.

Amma duk cikinsu babu wanda ke hana cutar cin ƙashi. Mai dogaro da su kaɗai kamar mai yaɓe bango ne gara tana cin azara a ciki. Ɓarnar tana iya farawa tun shekara ɗaya ko biyu na farko, kuma yatsan da ya riga ya karkace magani ba ya miƙar da shi. Shi ya sa likitoci ke son a fara maganin da ke tsayar da cutar cikin watannin farko da bayyanar alamu.

Kortizon da saurin aikinsa

A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata matashiya da rumatoyid ya kwantar allurar kortizon, magani mai danne kumburi irin kortizol ɗin jiki, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 shi da wasu masana biyu suka karɓi kyautar Nobel. Ba a daɗe ba aka gane illar shan sa na dogon lokaci: kumburin fuska, ƙiba, ciwon suga, hawan jini, yanar ido, raunin ƙashi, saurin kamuwa da cututtuka. Dangin ƙwayar nan ce da wasu mata ke sha don su yi jiki.

Har yau ana ba da shi, kuma yana da wurinsa. Likita yakan ba da kaɗan a farko don ya riƙe mara lafiya kafin ainihin magani ya fara aiki, da niyyar janye shi cikin kamar wata uku. Yawanci da safe ake sha, ko da yake akwai wani nau'i da aka ƙera a sha da dare ya saki kansa cikin tsakar dare don ya tari kumburin asuba. Abin da ke cutarwa shi ne mutum ya ji daɗinsa ya ci gaba da saye da kansa, ko ya riƙa zuwa ana yi masa allurarsa duk wata. Wanda kuma ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage yin nasa. A hankali ake sauka, bisa tsarin likita.

Maganin rana ɗaya a mako

Ginshiƙin maganin rumatoyid a duniya shi ne metotireksat. Sau ɗaya ake shan sa a mako. Ina so a riƙe wannan da kyau, domin an yi asarar rayuka saboda an sha shi kullum bisa kuskure. Yawanci ƙwayarsa miligiram 2.5 ce, likita ya ce a sha shida ko takwas a rana guda, ko a yi allurarsa. A zaɓi rana, a ce Juma'a, a rubuta a jikin kwalin da Hausa ko Larabci, kowa a gidan ya sani. Ana haɗa shi da folik asid a wata ranar don rage tashin zuciya da gyambon baki, ana kuma gwada jini da hanta da ƙoda lokaci-lokaci. Ba a haɗa shi da Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Abu biyu ke sa mutane su yar da shi. Na farko, wani yaro a gida ya duba intanet ya ga ana ba masu ciwon daji, sai hankalin kowa ya tashi. Gaskiya ne ana ba su, amma abin da ake ba mai rumatoyid ɗan kaɗan ne ƙwarai a kan nasu, kuma an shafe fiye da shekara talatin ana amfani da shi a wannan cuta. Na biyu, ba ya aiki nan take. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12. Mara lafiya ya sha sau uku bai ji komai ba, ya ce Voltaren ma ya fi shi.

Maganar haihuwa kuma ba a ɓoye ta. Metotireksat yana illa ga ɗan tayi, ba a ɗaukar ciki a kansa, ba a shayarwa. Na san nauyin wannan ga macen da dangin miji suka zuba wa ido. Mafita ita ce ita da maigidan su zauna gaban likita tun kafin a nemi cikin, domin akwai magungunan da ake ci gaba da su har da ciki, irin su Plaquenil da salfasalazin. Plaquenil yana buƙatar a riƙa duba ido.

Idan waɗannan ba su wadatar ba, akwai allurai na zamani irin su Enbrel da Humira, waɗanda suka fara fitowa a 1998 da 2002, da wasu ƙwayoyi sababbi. Kafin a fara su ana gwada tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, gwajin da ya shafe mu sosai mu da muka taso daga Afirka ta Yamma. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce: in wata 3 ya wuce ba a ga sauƙi ba, ko wata 6 ba a kai ga kwantar da cutar ba, a canza tsari. Nan ne rubutun mara lafiya ke da amfani. Takarda ɗaya ta isa: ƙarfe nawa na tashi, ƙarfe nawa hannuna ya sake, ƙwayar kashe zafi nawa na sha yau. Ƙagewar da ta sauko daga awa biyu zuwa minti ashirin shaida ce magani ya kama.

Ba kuma kowane zafi ne kumburi ba. Wanda cutar ta daɗe a jikinsa zai iya samun ciwon yamma daga gaɓar da ta riga ta lalace, wanda aiki ke tayarwa hutu ya kwantar. Wani kuma jijiyoyinsa ne suka saba da isar da saƙon zafi, duk jiki ciwo, barci ba daɗi, gwaji kuma lafiya lau. Ƙara kortizon ba ya maganin ko ɗaya daga cikin biyun nan. Na farko yana son gashi da motsa jiki, wani lokaci tiyata. Na biyu yana son gyaran barci da tafiya da kulawa da damuwa.

Yadda za a tsara yini

Da asuba ɗumi ne abokin tafiya. A tashi da wuri kaɗan, a fara buɗe yatsu ana dunƙulewa tun ana kwance, a juya wuyan hannu da idon sawu, sannan a tsoma hannu cikin ruwan ɗumi kafin alwala. Kan famfo mai murɗawa a canza shi da mai ɗagawa, kuɗinsa kaɗan ne. Gaɓar da ta yi zafi ta kumbura kuwa sanyi take so: ƙanƙara a naɗe cikin tawul, kamar minti 15.

Aiki mai nauyi, wanki da tuƙin tuwo da cefane, a kai shi hantsi zuwa azahar lokacin da jiki ya sake, kuma a gutsuttsura shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ranar da aka ji sauƙi a haɗa aikin mako guda, washegari a kasa tashi. Jarkar zamzam a rungume ta da damtse ko a sa a keken ja, kada a rataye ta a yatsu. Tukunya a ɗauke ta da hannu biyu. Kwanciya yini guda ba ta taimako, gaɓa ƙara ƙagewa take tsoka ta zube. Tafiya bayan magariba, ko cikin babban kanti mai sanyi lokacin zafi, tana rage ciwo da kasala.

Salla tana buƙatar a yi maganarta a fili, domin na ga yadda dattawa ke jin nauyin jawo kujera a masallaci. Sujada tana ɗora nauyi a wuyan hannu, zaman tahiya yana lanƙwasa gwiwa da yatsun ƙafa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito sananne ne: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ba laifi mutum ya yi asuba a kujera ya yi azahar a tsaye, tunda jikin asuba da na azahar ba ɗaya ba ne.

Azumi, Umra da masu zuwa daga gida

Da yawa daga masu rumatoyid suna azumi lafiya, wasu ƙananan bincike ma sun nuna cutar ba ta ƙaruwa a watan. Inda matsala take shi ne magungunan kashe zafi: haɗiyar diklofenak da buɗe-baki kan dabino uku, ko da sahur sannan a yini ba ruwa. A sha shi bayan an ci abinci sosai, a yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur. Mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki ko suga ya ga likita tun cikin Sha'aban.

Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, kuma a kan daɓe mai tauri. A zaɓi lokacin da jiki ya sake, ba fitowar asuba ba. Akwai keken turawa da ƙananan motocin lantarki a Harami. Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, a kan abin hawa ta yi ɗawafi da ba ta da lafiya, da umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Masu tahowa daga Kano ko Zinder su zo da maganin da zai ishe su, a kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Allurai irin su Humira suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a jakar hannu ake riƙe su, ba a bari su daskare. Mai shan maganin da ke rage garkuwar jiki ya faɗa kafin a yi masa rigakafin shawara, domin tana cikin masu ƙwayar cuta mai rai. Tiramadol kuma magani ne da doka ta tsaurara a kansa a Saudiyya. Kada wanda ya karɓi saƙonsa don kai wa 'yar uwa mai ciwon gaɓoɓi, ko da tausayi ne ya sa. Ga shi ma amfaninsa kaɗan ne a ciwo mai daɗewa irin wannan, sabo da shi kuma yana da sauri.

Hijama, habbatus sauda da haɗin kasuwa

Mutanenmu suna da yaƙini a kan ƙaho da habbatus sauda da zuma da zamzam, kuma ba wanda ya ce a bari. Wasu suna jin sauƙi bayan hijama. Abin da ba a tabbatar ba shi ne tana hana ƙashi lalacewa, don haka tare da maganin asibiti ake yin ta, ba a madadinsa ba. A yi ta a wurin da Ma'aikatar Lafiya ta ba lasisi, ba a kan gaɓar da ta kumbura ba, a kuma gaya wa mai yi irin maganin da ake sha, domin rauni yana saurin ruruwa ga mai raunin garkuwa. Man kifi yana da ɗan amfani da bincike ya nuna.

Wanda nake roƙon a guje masa shi ne garin magani ko kafso marar suna da ake tallatawa a waya, wai na gargajiya ne zalla. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano kortizon ko diklofenak a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe. Duk ganyen da ya ɗauke ciwon shekara biyar cikin kwana biyu, fuska kuma ta fara cika, a dakata a kai shi ga likita.

Kuɗi, takardu da lokacin da ba a jira

Ɗan ƙasa yana da asibitin gwamnati, ma'aikacin kamfani yana da inshorar da doka ta ɗora wa mai aikinsa. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ko ba shi da ita, shi ne ke komawa saidaliyya, wato kantin magani, kullum, domin riyal goma na yau ya fi sauƙin samu a kan kuɗin ganin ƙwararre. Ya kamata dangi su san cewa metotireksat da Plaquenil da salfasalazin tsofaffin magunguna ne, kuɗinsu bai kama ƙafar na allurai na zamani ba. Nauyin yana wajen ganin likita da gwaje-gwaje. In za a yi karo-karo, a yi shi nan, tun yatsu ba su karkace ba, tun mai sana'ar lalle ko ɗinki ko tsire yana iya riƙe kayan aikinsa.

Akwai alamun da ba a tsaya neman shawara a WhatsApp a kansu. Gaɓa ɗaya ta yi ja ta kumbura fiye da sauran tare da zazzaɓi, wannan yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, kuma tana lalata ta cikin kwanaki. Baƙin bayan gida ko aman jini ga mai shan maganin kashe zafi. Zazzaɓi da gyambon baki, ko busasshen tari da sarƙewar numfashi, ga mai shan metotireksat. Ido ya yi ja yana ciwo. Ciwon wuya tare da mutuwar hannu ko raunin ƙafa. Ciwon ƙirji. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya nufi sashen gaggawa a ranar, ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya. Layin Ma'aikatar Lafiya, 937, yana ba da shawarar likita ta waya dare da rana, motar ɗaukar mara lafiya kuma 997 ake kira.